Darasi na Bakwai: Gano Musabbabin Ƙarar "Gum" a Tsohuwar A-kori-kura Lokacin Tsayawa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bayyana hanyar da ƙarfin inji ke bi har ya isa tayoyin baya.
2. Faɗin dalilin da ya sa ƙarar ke fita daidai lokacin tsayawa.
3. Yin gwaje-gwajen tuƙi da ke nuna ɓangaren da matsalar take.
4. Duba ƙarƙashin mota bisa tsari, ba tare da jefa kansa cikin hatsari ba.
5. Rarrabe ƙarar da giris ke magancewa da wadda ta wajabta ajiye mota nan take.

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana jan tsohuwar a-kori-kura, ko yana gyaranta, ya san wannan ƙara. Direba ya taka birki a gaban danja, mota ta tsaya cak, sai a ji "gum!" daga ƙasa, har ya duba madubi yana zaton wani ne ya taɓa shi ta baya. Wani lokaci ƙarar ba ta fita sai ya ɗaga ƙafa daga kan birki zai tashi. Motar tana tafiya lafiya, injinta ƙalau, amma kowace tsayawa sai ta yi wannan bugu guda ɗaya.

An fi jin haka a motocin da ke tura kansu da tayoyin baya, waɗanda sifirin mai falle-falle ke ɗauke da bayansu. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968 kuma ta cika kasuwanninmu da hanyoyin karkara, tana cikinsu, kuma da ita za mu riƙa ba da misali. Bayanin ya shafi sauran motoci masu irin wannan ƙira.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar cewa "giyabos ce" ko "aksul ne ya mutu". Da an faɗi haka sai a sauke giyabos, a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo wata, a ɗaura, mota ta fita gareji, a tsayawar farko ta sake cewa "gum". An kashe kuɗi, an yi asarar kwanakin aiki, ciwo yana nan. Abin da darasin ke koyarwa shi ne bin tsari: a fara da saurare, a bi da gwaji, sannan a shiga ƙarƙashi, kuma a fara da abin da ya fi araha kafin a taɓa mai tsada.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Ƙarfi yana tasowa daga inji, ya ratsa kuloci (ko kwaryar mai a motar atomatik), ya shiga giyabos. A mota mai jan ƙafa huɗu akwai ƙaramar giyabos ta biyu a baya, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Daga nan farfela, wato dogon bututun ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ke kai shi aksul na baya. A cikin tulun aksul akwai ƙaramin giya da babban giya, waɗanda kanikawa ke kira finiyon da kurawun. Su ke karkatar da juyin zuwa sandunan da ke riƙe da tayoyi.

Abubuwa uku a jikin farfela sun fi shafar darasinmu:

- Kuros. Ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, cikin hular kuma ƙananan allurai ne da ke birgima cikin giris. Shi ke ba farfela damar juyawa alhali tana karkace.
- Senta boris. A motoci masu dogon jiki farfela gida biyu ce, kuma wannan boris ɗin, wanda roba ta kewaye, shi ke rataye tsakiyarta a jikin shasi.
- Kuben farfela. Wuri ne da wani sashe ke shiga cikin wani, yadda takobi ke shiga kubensa. Duka sassan biyu suna da haƙora a tsaye da suka sarƙe da juna, don su juya tare amma su iya zamewa ciki da waje. A wasu motoci yana tsakiyar farfela, da bakin da ake ɗura masa giris. A wasu kuwa yana shiga wutsiyar giyabos kai tsaye.

Giyabos tana ɗaure a shasi, ba ta zuwa ko'ina. Aksul kuwa yana kan sifirin, yana hawa yana sauka bisa ga lodi da gargadar hanya. Tazarar da ke tsakaninsu tana canzawa a kowane lokaci, shi ya sa dole farfela ta riƙa tsawo tana gajarta. Aikin kube ke nan.

Me ke faruwa idan an taka birki?

Idan aka taka birki, nauyin mota yana komawa gaba: hanci ya duƙa, baya ya ɗaga. A daidai wannan lokaci birkin baya ya kama tayar da ke juyawa, ita kuma tayar tana ƙoƙarin jan aksul ya juya tare da ita. Babu abin da ke hana shi sai sifirin. Don haka sifirin yana ɗan murɗewa, bakin tulun aksul, inda farfela ke ɗaure, ya sunkuya ƙasa. Idan aka taka totur akasin haka ke faruwa, bakin ya ɗaga sama.

Da mota ta tsaya, ko kuma da zarar an saki birki, sifirin zai koma yadda yake, aksul ya miƙe, farfela kuma ta koma tsawonta na asali. Idan haƙoran kube suna da giris, za su zame a hankali babu wanda ya ji. Idan sun bushe, ko sun yi tsatsa, ko sun ci juna har sun yi gurbi, sai su cije. Sifirin ya ci gaba da turawa, su kuma suna cije, har ƙarfin ya rinjaye su su kuɓuce gaba ɗaya. Wannan kuɓucewar ita ce "gum" ɗin da ake ji a kujera.

Motar atomatik ta fi yin haka, domin ko tana tsaye a D injin bai daina tura farfela ba. Turin yana matse haƙoran da juna, zamewa ta ƙara wuya. A motar manuwal kuwa direba yana taka kuloci kafin ya tsaya, farfela ta huta, don haka idan manuwal ta yi ƙarar sai a ƙara sa ido a kan sifirin da birki.

Wannan ciwo ba laifin hanyoyinmu ba ne kaɗai. A Amurka kamfanin General Motors ya fitar wa kanikawansa takardun bayani a kan irin wannan ƙara a manyan a-kori-kurarsa, har ya samar da kube mai shafen ƙarfen nikel don ya fi santsi. Sai dai yanayinmu yana gaggauta shi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta zama yashi mai cin ƙarfe, ruwan damina da na mashigar rafi yana wanke shi, haka ma ruwan famfo mai ƙarfi na wurin wankin mota.

Amma kube ba shi kaɗai ke iya yin wannan ƙara ba. Duk abin da ya saki a ƙarƙashin mota zai matsa gaba idan an taka birki, ya dawo idan an tsaya. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai an gwada.

Mataki na ɗaya: tambaya da saurare

Bakanike nagari yana fara aiki da baki kafin ya ɗauki sifana. Ga misalin yadda tambaya ke rage wahala:

"Oga, motar nan tana bugu daga ƙasa in na tsaya."

"To Malam, tana cikin tafiya take yi, ko sai ta tsaya cak?"

"Sai ta tsaya. Wani lokaci sai na saki birki."

"Sau ɗaya take bugawa ko tana maimaitawa?"

"Sau ɗaya tak."

"In ka sa ribas fa, kana jin wani abu?"

"A'a, ribas lafiya lau."

"Yaushe rabon da a sa wa farfela giris?"

"Gaskiya tun da motar ta zo hannuna ban ga an sa ba."

Da waɗannan amsoshi bakaniken ya riga ya san inda zai fara. Sauran tambayoyin da ya kamata a yi su ne: da lodi take yi ko babu lodi? Da sanyin safiya ko sai ta yi zafi? An yi mata wani aiki kwanan nan, kamar ƙarin fallen sifirin ko canjin birki? Ta shiga ruwa?

Irin sautin ma yana da amfani. Ga jagora:

- "Gum" mai nauyi da ake ji a jiki, sau ɗaya, bayan tsayawa ko wajen sakin birki: an fi zargin kube, sai yu-bol (masu ɗaure aksul da sifirin) da bushin na sifirin.
- "Ƙwal" na ƙarfe da ƙarfe wajen sa giya, ko canzawa daga gaba zuwa ribas, ko sakin totur da sake takawa: an fi zargin kuros, sai wasa a cikin aksul.
- "Ƙas" mara nauyi daga wajen taya, sau ɗaya, a birkin farko bayan an canza daga baya zuwa gaba: fatun birki ne ke matsawa a mazauninsu.
- Zabura kaɗan kafin mota ta gama tsayawa, a motar atomatik: saukar giya daga na biyu zuwa na ɗaya.
- "Kwaram" mai maimaituwa, har a kan gargada: wani abu ne ya saki, ko shokazoba.

Mataki na biyu: kawar da abubuwan banza

Kafin komai a kwashe duk abin da ke bayan mota da bayan kujera: jak, sifanar taya, jarka, waigi, guntayen ƙarfe. A girgiza safayar da ke rataye a ƙarƙashin bodi, domin sarƙarta tana saki. A jijjiga ƙofar baya, a duba ko batir yana ɗaure, a ture salansa da hannu bayan ta huce a ga ko tana dukan shasi. A gwada notukan tayoyi huɗu da sifana. A duba notukan da suka ɗaure bodi da shasi, musamman a motar da ta sha lodin kasuwa. Wannan duka bai wuce aikin minti goma ba, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Mataki na uku: gwajin tuƙi

A nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda babu mutane ko dabbobi. A sauke gilasai, a kashe rediyo, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana saurare. Gudu kada ya wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa. Kowane gwaji a maimaita shi sau uku, domin ƙarar da ta fita sau ɗaya ba hujja ba ce.

1. Tsayawa ta yau da kullum. A tabbatar ƙarar tana fita, a lura da lokacinta da ɓangaren da take fitowa.
2. Tsayawa a firi. A mayar da giya firi, ko N, kafin a taka birki. Idan ƙarar ta ɓace ko ta ragu ƙwarai, matsalar tana cikin hanyar ƙarfi: kube, kuros, kujerun inji da giya, ko giyabos. Idan ta fita yadda take, a mayar da hankali kan birki, sifirin da ƙafafun gaba.
3. Tsayawa a giya ta ɗaya. A motar atomatik a sa L ko 1, a tashi a tsaya. A nan giyabos ba ta da giyar da za ta sauka. Idan ƙarar ta ɓace, saukar giya ce. Idan tana nan, giyabos ta fita daga zargi.
4. Tsayawa da birkin hannu. Ana tafiya daidai tafiyar ƙafa, a ja birkin hannu a hankali. Tayoyin baya kawai yake kamawa. Idan ƙarar ta fita, daga baya take. Idan ba ta fita sai da birkin ƙafa, a duba gaba.
5. Tsayawa mai taushi da mai ƙarfi. Ƙarar kube tana ƙaruwa idan an tsaya da ƙarfi, domin sifirin ya fi murɗewa, tana kuma iya ɓacewa idan an lallaɓa birki.
6. Gaba da ribas a tsaye. A danne birki, a riƙa canzawa tsakanin D da R. "Ƙwal" a kowane canji yana nuna wasa a kuros ko aksul. A lura da sulo kuma: idan inji yana gudu fiye da ƙima alhali ya yi zafi, kowace sa giya za ta zo da bugu ko da komai lafiya yake.

A rubuta sakamakon kowane gwaji a takarda. Ƙwaƙwalwa tana ruɗewa idan gwaji ya yi yawa.

Kafin a shiga ƙarƙashin mota

Wannan sashe ya fi kowane muhimmanci, domin kuskure a nan rai yake ci.

- A ajiye mota a wuri mai daidai. Ramin gyara ya fi, idan akwai.
- A kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu.
- A sa waigi gaba da bayan tayoyi aƙalla biyu.
- Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita. A sa ƙafafun ƙarfe na tallafi. Bulon siminti yana fashewa babu gargaɗi.
- A tuna cewa giya da P suna riƙe mota ne ta hanyar farfela. Da zarar an kwance farfela, ko an sa firi, babu abin da ke riƙe da ita sai birkin hannu da waigi.
- Salansa tana ƙuna. A bari ta huce.

Mataki na huɗu: duba da ido da hannu

A sa giya a firi don farfela ta saki jiki, sannan a bi wannan jeri.

*Kuros.* A kama farfela da hannu ɗaya, farantin da take ɗaure a kai da ɗaya hannun, a murɗa su saɓanin juna, a kuma tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba shi da wasa ko kaɗan. Jar ƙura mai kama da tsatsa a gindin hula alama ce ta alluran sun bushe sun niƙe. Akwai kuma kuros da ke mutuwa ta hanyar ƙagewa, ba ya wasa amma ba ya lanƙwasa sosai, kuma ba a gane shi sai an sauke farfela. Sauran alamominsa su ne ƙiƙi-ƙiƙi a ƙaramin gudu da karkarwa a babban gudu. A duba notukan faranti ma.

*Senta boris.* A tura farfela sama kusa da shi. Ɗan motsi na roba ba laifi ba ne. Idan robar ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta har farfela tana dukan gidan, a canza.

*Kube.* A duba robar bakinsa, a ga ko akwai alamar giris ko ya bushe ƙayau. A jijjiga shi gefe da gefe. Idan yana kaɗawa, haƙoran sun ci, giris zai rufe ƙarar na ɗan lokaci ne kawai.

*Yu-bol da senta-bol.* Yu-bol su ke ɗaure aksul da sifirin. Idan sun saki, aksul yana juyawa a mazauninsa a kowane birki. Alamarsu ita ce ƙarfe mai sheƙi inda aka goga, ko zirin tsatsa yana gangarowa. Senta-bol kuwa shi ya ratsa tsakiyar fallayen ya tsayar da aksul a wurinsa. Idan ya karye, aksul yana zamewa baya a gefe ɗaya, mota ta riƙa tafiya a karkace. A auna tazarar tayar gaba da ta baya a dama da hagu. Ya kamata su zo ɗaya.

*Fallayen sifirin da bushin.* A nemi falle da ya tsage, musamman babban na sama. A sa doguwar sandar ƙarfe a idon sifirin, gaba da baya, a ɗan banƙara. Idan idon yana motsi a kan ƙusarsa, bushin ya ƙare. A duba bushin na shokazoba haka nan.

*Kujerun inji da giya.* Roba ce tsakanin ƙarfe biyu, kuma baƙin mai da ke ɗiga a kanta yana ruɓar da ita. A banƙara wutsiyar giyabos sama a ga ko robar ta rabu. Don kujerun inji, bayan kowa ya fito daga ƙarƙashi, a buɗe bonet, direba ya danne birki ya sa giya ya ɗan taɓa totur, gaba sannan ribas. Mai kallo ya tsaya a gefe, kada ya tsaya gaban mota ko bayanta. Injin da ya yi tsalle a gefe ɗaya, kujerarsa ta tsinke.

*Aksul.* A ja birkin hannu, a murɗa farantin aksul dama da hagu. Za a ji ɗan wasa, kuma wannan dole ne, domin masu ƙira suna barin tazara tsakanin haƙoran finiyon da kurawun. A aksul ɗin Hilux da aka saba gani tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Wasan da hannu ke ji ya fi haka, saboda ya haɗa da na sauran giyoyin ciki da sandunan taya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne farantin ya motsa sama da ƙasa ko ciki da waje. Wannan yana nufin boris ɗin finiyon ya mutu ko notinsa ya saki. A buɗe murfin ɗura mai a duba: mai ya kamata ya kai bakin ramin. Idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Idan za a juye, laushin baƙin gari a kan maganaɗisun murfin ƙasa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji yana nufin a buɗe aksul. Man da ake zubawa shi ne mai alamar GL-5, kamar 80W-90 ko 90, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Aksul da ya lalace da wuya ya tsaya a "gum" kaɗai. Yakan haɗa da kuka a kan hanya.

*Birki da ƙafafun gaba.* A tabbatar notukan da ke riƙe da abin matse fatun birki a ɗaure suke, ƙananan ƙarafan da ke danne fatun kuma suna nan. A duba boljoyin da bushin na hannayen da ke riƙe da tayar gaba, domin idan sun mutu taya tana matsawa baya a kowane birki. A baya kuma a cire diram. Idan man aksul ya zubo ya jiƙa lainin, birki zai riƙa cafka yana saki da ƙara.

Maganin kuben da ya bushe

Idan gwaji ya nuna kube, kuma ba a ga wani abu da ya saki ba, a sa masa giris. Wannan magani ne kuma gwaji ne: idan ƙarar ta ɓace bayan giris, an tabbatar da musabbabi.

A goge bakin giris da tsumma don kada a tura yashi ciki. A yi amfani da giris mai lamba NLGI 2. Baƙin nan mai sinadarin moli ya fi dacewa da haƙoran da ke zamewa ƙarƙashin matsi. A riƙa ɗurawa a hankali, ana kallo. Da an ga kuben ya fara turowa waje, a tsaya. Idan aka cika ramin taf, farfela ba za ta sami wurin gajarta ba, sai ta riƙa dukan boris ɗin giyabos. Idan an riga an cika, a kwance bakin giris ɗin, a danna bayan motar sau da yawa, rarar ta fito. Kuros kuwa ana ɗura masa har sai sabon giris ya leƙo ta hulunan huɗu.

Idan babu bakin giris, ko tsohon giris ya daskare, sai an sauke farfela. Kafin a kwance, a yi alama da fenti a kan faranti da faranti, da kuma sassan kube biyu, don kowane ya koma yadda yake. Idan aka mayar da kube ya goce ko da haƙori ɗaya, kuros na gaba da na baya ba za su yi layi ɗaya ba, mota ta kama karkarwar da ba ta da ita a da. A wanke haƙoran, a busar, a shafa giris da yatsa ko buroshi, a mayar. Idan kuben mai shiga wutsiyar giyabos ne, a tanadi abin tarar mai, kuma a bi abin da littafin motar ya ce game da abin shafawa.

A Hilux mai jan ƙafa huɗu, wadda farfelarta ke ɗaure da faranti a bayan ƙaramar giyabos, akwai ƙarin gwaji: a cire farfelar baya, a kulle hob na gaba, a sa H4, a zagaya fili a hankali. Idan ƙarar ta ɓace, daga farfelar baya take.

Idan an sa giris ƙarar ta tafi amma ta dawo bayan kwanaki kaɗan, haƙoran sun yi gurbi, sai canji.

Lodi da ƙarin falle

Irin waɗannan motoci an ƙera su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Abin da ya wuce haka yana kwantar da sifirin, sifirin da ya gaji kuma ya fi murɗewa wajen birki. Masu mota kan ƙara falle don ta ɗauki kaya. Ƙarin yana ɗaga bayan mota, ya ƙara karkatar farfela, ya janyo kube waje zuwa inda bai saba aiki ba. Duk wanda ya yi wannan aiki ya sa sababbin yu-bol da senta-bol masu tsawon da ya dace, ya kuma sake ɗaure notukan bayan tafiyar farko da lodi, domin fallaye suna zama su bar sarari.

Wace ƙara ce ke jira, wace ce ba ta jira?

Kuben da ya bushe, fatun birki masu ɗan matsawa, da ɗan wasan aksul na tsufa ba sa hana aiki. Ana iya kai lodi a dawo a gyara. Waɗannan kuwa ba a fita da mota sai an gyara su: kuros mai wasa, yu-bol da ya saki, senta-bol ko babban falle da ya karye, noti mai riƙe birki da ya saki, boljoyin mai wasa, da notin taya. Idan kuros na gaba ya tsinke ana cikin gudu, kan farfela yana faɗuwa ya caki kwalta, yana iya fasa tanki ko bututun birki, yana iya jefa motar gefe.

Taƙaitawa

Ƙarar da ke fita lokacin tsayawa tana nuna cewa wani abu ya cije sannan ya kuɓuce, ko wani abu ya saki yana kai da komo. Lokacin fitarta da irin sautinta su ke nuna ɓangaren. Tsarin bincike shi ne: tambaya, kwashe kaya, gwajin tuƙi, duba da hannu, giris, sannan canjin kaya. Giyabos da aksul su ne na ƙarshe a jerin zargi, kuma ba a buɗe su sai da hujja.

Tambayoyi

1. Me ya sa dole farfela ta riƙa tsawo tana gajarta?
2. Me ya sa motar atomatik ta fi manuwal yin wannan ƙara?
3. Mota ta yi "gum" a D, ta yi a L, amma ba ta yi a N ba. Wane ɓangare za ka fara dubawa, kuma me ya sa?
4. Kawo alamomi uku na kuros da ya mutu.
5. Mene ne illar cika wa kube giris fiye da ƙima?
6. Me ya sa ake yin alama da fenti kafin a sauke farfela?
7. Lissafa matsaloli huɗu da ke wajabta ajiye mota nan take.

Aikin gwaji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya sami a-kori-kura ɗaya tare da izinin mai ita, a ƙarƙashin kulawar malami ko ƙwararren bakanike. Ku cika ƙa'idojin kariya gaba ɗaya, sannan ku nuna wa juna kuros, senta boris, kube, yu-bol da kujerar giya. Ku ƙirga bakunan giris da ke jikin farfela, ku rubuta nawa ne suka bushe, ku kawo rahoto a zama na gaba.

Ga masu mota a cikinku: ku sa a ɗura wa farfela giris duk lokacin da aka juye baƙin mai, da kuma bayan kowace shiga ruwa mai zurfi. Idan bakanike ya ce a sauke giyabos saboda wannan ƙara, ku tambaye shi gwajin da ya yi kafin ku amince.